Notepad++ da fulogin ɗinshi: wai ina suke ajiye mana saiti ne?

Ina da ɗan wurin koya ma yara kod a nan Bukoki cikin Yamai, ordinater shida ce ta tebur, dukansu tsoffi irin waɗanda ake kawowa daga Turai an riga an more su, mafi ƙarfi cikinsu RAM ɗinta giga 4 ne, kuma editan, wato manhajar rubuta kod, da munka dogara da shi tun ranar da na buɗe wurin shi ne Notepad++. Ni kaina tun ina ɗalibi ina tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda nike aiki da shi, don haka abin da zan faɗa ba maganar wanda ya gwada na kwana biyu ba ce.

Bari in fara ba shi haƙƙinshi. Kyauta ne, Don Ho ya fito da shi tun 2003 kuma har yau ana gyara shi, saukar da shi ƴan megabait ne kawai ba zai cinye maka forfe ba, kuma ko a ordinater da ke nishi in ka latsa shi kafin ka gyara zama ya buɗe. Abin da ya fi burge ni kuwa, duk daƙiƙa 7 yana ajiye kwafin abin da kake rubutawa ko da ba ka yi sebin ba, to a garin da kuran ke ɗaukewa lokacin zafi sau nawa a wuni, wannan kaɗai ya ceci aikin yara ban san adadi ba. Kuran ya tahi, a yi salati, a fita waje a sha iska, in ya dawo a kunna, rubutu na nan. A wannan fannin wallahi ba ni da ƙorafi.

Ƙorafina yana wajen saitin fulogin, wato ƴan ƙarin nan da kake liƙa ma editan don ya iya abin da bai zo da shi ba.

Watan Afrilun da ya wuce diskin babbar ordinater, wadda nike zama a kanta, ya fara ƙara kamar ana taunar tsakuwa. Na ɗauke ta a kabu-kabu na kai ma wani mai gyara can wajen Babbar Kasuwa, ya duba ya ce sai an canza diski an sa sabon Windows. Ya tambaye ni, "Malam, akwai abin da za a cire kafin a formate?" Na ce mishi a kwashe Documents da abin da ke kan Desktop, shi ke nan. Ya yi abin da na ce daidai, ban ga laifinshi ba ko kaɗan. Na dawo na sa Notepad++, na shiga Plugins Admin, inda ake saukar da fulogin, na saukar da NppExec mai gudanar da umarni da NppFTP mai haɗawa da sabar da na kwatanta fishiye biyu, na latsa F6 don in kira umarnin da ke gudanar da Python, sai na ga akwati wayam. Umarni wajen ashirin da na tara a hankali cikin shekaru, na Python, na harhaɗa C da gcc, na kunna ɗan sabar ɗin PHP don yara su ga shafinsu, duk babu. Na buɗe NppFTP, adireshin sabar na mutanen da nike kula ma shafukansu shi ma babu. Na zauna shiru kusan minti goma ina kallon allo.

Inda suke shi ne wani dosiye, folda inji ƴan uwanmu na Najeriya, da Windows ke ɓoyewa da gangan, sunanshi AppData. In ka latsa maɓallin Windows da R ka rubuta %APPDATA% zai kai ka, cikin nan akwai Notepad++, cikinshi akwai config.xml da shortcuts.xml da stylers.xml na editan kanshi, sannan plugins, sannan config, to nan ne fulogin ke zuba kayansu. Umarnin NppExec duka suna cikin fishiye ɗaya ƙarami mai suna npes_saved.txt, da na kwafe shi da ko daƙiƙa ɗaya bai ci ba. Kuma gaskiya wurin ba laifi ba ne, nan ne Windows kanta ta ce manhajoji su ajiye saitin kowane mai amfani. Abin da ya dame ni shi ne mutum zai yi shekaru yana gina abu bai taɓa ganin inda abin ke kwana ba, ba wani maɓalli guda da zai ce maka ga duk saitinka da na fulogin ɗinka, kwashe.

Bayan wannan ne na zauna na karanta yadda abin ke tafiya a ciki, don in gane. Notepad++ ya tanadi hanya mai kyau, akwai saƙon da fulogin zai aika ma editan mai suna NPPM_GETPLUGINSCONFIGDIR, ma'anarshi dai "ina zan ajiye kayana?", shi kuma editan ya ba shi adireshin dosiyen da ya dace. Shi ke nan iyakar abin da editan ke yi, ya nuna maka ɗaki ne kawai, abin da za ka zuba a ciki da yadda za ka jera shi ruwanka. To su kuma masu rubuta fulogin mutane ne daban-daban kowa a garinsu, wani ya rubuta nashi a ini, wani a xml, wani a txt, wani ya buɗe nashi ƙaramin dosiye a ciki wani ya watsa a fili, kuma kowane da tagar saitinshi daban a ƙarƙashin menun Plugins, wata tana da kyau wata sai ka yi ta lalube. Kamar gidan haya ne da mai gida ya ba kowa ɗaki amma ba dokar tsakar gida.

Masu ladabi cikin fulogin ɗin suna tambayar editan inda za su ajiye kaya, kuma su ne mafi yawa. Amma na ci karo da waɗanda ba su tambaya, ba zan kama suna ba, kuma a nan ne abin ya taɓa yarana kai tsaye. Yawancinsu ba su da ordinater a gida, kile, wato USB, ce dukiyarsu, yau suna kan ordinater ta biyu gobe ta biyar jibi a siba ko ofishin wani yayansu. Don haka na koya musu Notepad++ na ɗauka-ka-tahi, wanda ake saukarwa a zif a warware cikin kile. Sirrinshi wani fishiye ne da ba komai a cikinshi mai suna doLocalConf.xml, in editan ya gan shi kusa da shi sai ya bar AppData ya riƙa ajiye komai nan inda yake, wato cikin kile. Dabara ce mai sauƙi kuma ina son ta ƙwarai, sai dai a sani ba ta aiki in editan na cikin Program Files don Windows ba ta barin a yi ta rubutu a can. Fulogin mai tambaya zai bi editan cikin kile ba matsala. Wanda marubucinshi ya kafe adireshi da hannunshi, ko ya je ya zuba saiti a rajistar Windows, shi kam zai bar kayanka a ordinater da ka tashi daga kanta. Wata yarinya cikin ɗalibaina ta zo min ranta a ɓace, ta ce "Malam jiya fa na gyara komai, yau ya koma kamar ban taɓa ba, ko kile ɗina ce ta lalace?" Har ta fara lissafin jikka nawa za ta nemo ta sai wata. Kile lafiyarta lau. Saitin na can kwance a ordinater ta uku, inda wani yaro daban ke zaune yana mamakin wa ya canza mishi kaya.

Sai kuma maganar haruffanmu, wadda ba na jin wani a Turai ya taɓa tunaninta. Akwai wani fulogin na gajerun rubutu da nike amfani da shi, ka rubuta harafi biyu ya cika maka jimla. Na sa mishi gaisuwa da ƴan jimloli na Hausa da nike yawan sawa cikin shafuka, da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ yadda ya kamata. Ranar ya yi aiki lafiya. Washegari na buɗe, "ƙofa" ta zama "?ofa", "ɗalibi" ya zama "?alibi". Abin da ke faruwa shi ne tsohuwar hanyar Windows ta rubuta fishiyen ini tana bin tsohon tsarin haruffa na injin ne in ba a yi mata wani shiri ba, kuma tsarin da ke kan injunanmu na Faransanci ya san é da è da ç amma bai san ƙ ba, sai ya maye ta da alamar tambaya kuma in ta tahi ta tahi, ba a maido ta. Shi Notepad++ kanshi yana riƙe UTF-8, tsarin haruffan da ya san ƙ da ɗ, lafiya lau, a cikinshi nike rubuta Hausa kullum, amma ɗan fulogin da ke zaune cikinshi ya kasa. Don haka a wurina duk saitin da ba UTF-8 ba ne an riga an cire mu daga lissafi.

Na ukun shi ne kuran. Shi editan yana rubuta config.xml ne lokacin da ka rufe shi, to in ka canza saiti da safe ka bar shi buɗe kuran ya ɗauke da azahar, canjin ya bi iska, abin da na koya ma yara shi ne in ka canza wani abu mai muhimmanci rufe ka sake buɗewa nan take. Haka kuma kar ka gyara config.xml da hannu cikin Notepad++ ɗin kanshi, don in ka rufe zai rubuta nashi a kai. Wannan da sauƙi tunda an san shi. Wanda ya fi ciwo wani fulogin ne da kuran ya yanke yana tsakiyar rubuta saitinshi, fishiyen ya koma sifili, da anka kunna sai ya ga ba zai iya karantawa ba, bai ce uffan ba, ya zuba saitin asali a kai ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Alhali maganin sananne ne ga duk mai rubuta kod, ka rubuta sabon saitin a wani fishiye na wucin gadi, in ya kammala sai ka canza mishi suna ya maye tsohon, ta haka ko an yanke a tsakiya tsohon na nan lafiya. In kuma ka tarar da fishiye a lalace, ka faɗa ma mutum, ka aje mishi lalataccen a gefe ko zai iya tsinto wani abu. Layi nawa ne wannan? Bai kai goma ba. Wanda ke zaune inda wuta ba ta ƙiftawa ba zai ga amfaninshi ba, mu nan kuwa kullum ne.

To da haushin ya ishe ni na ce bari in leƙa maƙwabta in ga yadda suke yi. Na sa wani edita mai suna Sublime Text a ordinater guda na yi wata ɗaya da shi, kuma in faɗi gaskiya ta wajen ajiye saiti ban ga wanda ya kai shi tsari ba. Yawanci fulogin yana zuwa da fishiyen saitinshi na asali, sau da yawa da bayani a saman layukan, kuma ba a so ka taɓa wannan. Naka canjin yana tafiya wani fishiye mai suna iri ɗaya cikin dosiye guda tak, Packages/User. In ka buɗe saiti sai allon ya rabu biyu, hagu na asali dama naka, ka ga abin da kake so a hagu ka kwafo layin dama ka canza. Naka ne ke rinjaye. Amfanin wannan babba ne, in anka sabunta fulogin nashi fishiyen ne ke canzawa naka ba a taɓa shi, in ka ɓata wani abu goge layinka kawai ka koma asali, kuma fishiyenka gajere ne don abin da ka canza kaɗai ke ciki, ka duba ka gane kanka. Sannan Package Control, mai saukar da fulogin a Sublime, yana ajiye jerin sunayen fulogin da ka sa cikin wannan dosiyen dai, in ka kwafe shi zuwa sabuwar ordinater shi zai je ya sauko da waɗanda babu. Da a ce haka nawa yake a watan Afrilu da dosiye ɗaya zan ce ma mai gyara ya cire. Matsalarshi kuɗɗi, lasisi dalar Amurka 99 ne, ya haura jikka hamsin, ana iya gwada shi ba a biya ba yana dai tuna maka lokaci-lokaci, amma ni ba na son in gina wurin koyarwa kan abin da na san ba mu biya ba kuma ba mu da halin biya ma ordinater shida.

VS Code na Microsoft kuma, wanda ya fito 2015 kuma yanzu duk bidiyon koyon kod da yara ke kallo shi suke gani, ya ɗauki wata hanya. Can fulogin ba ya ƙirƙiro tagar saitinshi, yana sanar da editan ne tun farko cewa ga saitunan da nike da su, ga irin ƙimar da kowane ke karɓa, ga ta asali, ga bayani. Editan ne ke nuna su duka wuri guda da wurin bincike, kuma shi ke ajiyewa cikin settings.json guda, kowane layi da sunan mai shi a gaba. In ka rubuta abin da bai dace ba zai ja maka layi. Ka rubuta @modified a wurin bincike ya nuna maka duk abin da ka taɓa canzawa. Abin da na fi so kuma, kowane aiki na iya samun nashi saitin cikin dosiyen .vscode da ke tafiya tare da aikin, to in na ba yara aikin gida zan iya haɗa musu da saitin da nike so kowa ya yi amfani da shi. Wannan ne tsarin da na ga ya fi kare mai amfani, don an ɗauke ma marubucin fulogin wahalar rubuta fishiye gaba ɗaya, ba zai ma samu damar ɓata ƙ ba. Yana da na ɗauka-ka-tahi shi ma, ka buɗe dosiye mai suna data cikin na zif. Amma ba komai ke cikin settings.json ba, abubuwan da fulogin ke tunawa da kansu suna cikin wani rumbun bayanai mai suna state.vscdb wanda ba ka buɗe shi ka karanta kamar takarda, kuma in ka cire fulogin layukanshi na nan zube cikin saitinka sun dushe sai ka share da hannu. Hanyar daidaita saiti tsakanin injuna kuma tana son asusun GitHub ko Microsoft da intanet. Babbar magana dai nauyi, a kan giga 4 in ka buɗe shi ka buɗe burauza fanka ta fara kuka, kuma tun 2022 sunka daina tallafa ma Windows 7, biyu cikin injunana kuwa ita ce a kai.

Akwai abu ɗaya da VS Code ya raba wanda nike ganin kowa ya kamata ya raba, kalmar sirri. Ya tanadi ma'aji daban na sirri da fulogin za su yi amfani da shi, ba cikin settings.json ba. A Notepad++ kuwa fulogin na haɗawa da sabar yana ajiye adireshi da sunan shiga da kalmar sirri cikin fishiyen saitinshi, an dai rufe kalmar ba a fili take ba, amma tana tare da sauran. Ka tuna yadda muke da kile a nan, aro ake, "ɗan ba ni kilenka in kai takarda a buga min", ta wuni a hannun wanda ba ka sani ba. Ni saitin launi da girman rubutu ina so in raba ma kowa, kalmar sirrin sabar ɗin mutane kuwa ba na so ta bar aljihuna, to in suna fishiye ɗaya ya zan yi? Na hana yara ajiye kalmar sirri a kile kwata-kwata, a riƙa rubutawa duk lokacin da za a shiga, sun yi ta gunaguni amma sun saba.

Duk da haka ban bar Notepad++ ba kuma ban da niyya, in za a ce in ba shi maki cikin biyar zan ba editan huɗu da rabi, tsarin saitin fulogin kuma biyu da rabi, rabin nan ma don ya tanadi hanyar tambaya ne da doLocalConf.xml. Abin da nike roƙo ba wani babba ba ne, editan ya karɓi ajiyar saiti daga hannun fulogin kamar yadda VS Code ya yi, ko aƙalla a ce dole kowa ya bi tsari ɗaya, rubutu ne da mutum zai iya karantawa, UTF-8, na asali daban nawa daban. Na san fulogin ɗin da yawa tsoffi ne wasu ma masu su sun daina kula su, ba abu ne da za a juya dare ɗaya ba.

Yanzu dai abin da na yi, na cire wanda anka girka daga duk injunan shida na sa na zif a diski D, kowane yaro kuma da nashi a kile. Kafin in yarda da sabon fulogin ina gwada shi, in sa shi a kile, in canza saiti in sa kalma mai ƙ a ciki, in rufe, in zare in kai ordinater ta gaba in buɗe. In saitin ya biyo ni kuma ƙ na nan ya samu shiga, in bai biyo ba na cire shi ko da kuwa ina son shi, guda uku na kora ta haka. Na kuma rubuta ɗan fishiyen bat, wato jerin umarni na Windows, da ke kwafe dosiyen config zuwa wata kile da ke cikin durowa, duk Juma'a kafin mu tahi masallaci nike latsa shi.

Umarnin NppExec ɗin nan kuwa na sake rubuta goma sha ɗaya da na iya tunawa. Akwai wani da na haɗa tun ina Harobanda, yana harhaɗa C ya gudanar ya kuma sa layin kuskure ya fito da ja yadda in ka latsa shi sau biyu zai kai ka wurin, na yi dare biyu ina ƙoƙarin maido shi yadda yake, har yanzu launin bai fito daidai ba.